Rabon Obinna

A Potiskum direban ya sayar da mu. Tun daga Kano yake rantse-rantse cewa Maiduguri za shi kai tsaye, amma muna shiga tasha ya kashe mota, ya ce taya za a duba, kowa ya sauka ya miƙe ƙafa. Muna tsaye sake da baki aka kwashe kayanmu aka loda a wata akwalar bas mai ƙofa ɗaure da igiya, gogan naka kuwa ya juya kan motarsa ya kama hanyar Kano. Ni Habsatu ba na haɗiye magana. Na bi shi da zagi har ya ɓace, na haɗa da yaron motarsa, amma zagi bai taɓa kai kowa Maiduguri ba. Haka na dawo na cusa kaina cikin akwalar, buhun albasa a ƙarƙashin ƙafata, akuyar wani tana huci a ƙeyata.

Daga Damagaram na fito, a ƙasar Nijar. Mijina ya rasu ya bar ni da yarinya ɗaya, Nana. Na bar ta wajen Innata saboda wata tsohuwar 'yar unguwarmu ta kira ni a waya ta ce in zo, akwai aikin wanke-wanke a gidan abincinta da ke Gamboru. Ta ce in taho mata da buhun cuku da kilishi da 'yan'uwanta suka haɗa.

A Damaturu muka kwana, don an rufe hanya tun da la'asar. Da safe muka tashi. Abin da na fi tunawa a wannan hanya shi ne shirun da ya sauka a motar. Mazan da suka wuni suna gardamar siyasa duk suka yi tsit, sai leɓɓa ke motsi. Muna ta wuce ƙauyuka, gidaje ba rufi, bango ya yi baƙi, ko kaza babu. Wata mata da ban sani ba ta kama hannuna ta riƙe, ba ta sake shi ba sai da muka hango ƙofar gari.

A tasha wani mutum ya tarye ni da sunana, ya ce 'yar unguwar tamu ce ta aiko shi. Ya karɓi buhun, ya ce in wuce Gamboru, layin masu kifi, kowa ya san ta. Na je layin masu kifi, na je na masu tattasai, na zagaya har ƙafafuna suka kumbura. Babu wanda ya taɓa jin sunanta. Na kira wayarta, a kashe. Ashe ɗan dako take nema, ba ma'aikaciya ba. Allah ya isa da na ja mata a ranar, in da tana kama mutum nan take, da ba ta kai magariba ba.

Wani mai keke ya ji ina sababi ni kaɗai, ya ce ya san akwai mutanen ƙasarmu a Bolori, ya kai ni ya sauke ni, bai karɓi komai ba. Ban samu mutanen ƙasarmu ba. Rana ta take, irin zafin Maiduguri da yake shiga ta tafin ƙafa ya fito ta ka. Na raɓe a inuwar wata darbejiya a ƙofar wani gida, sai na ga kwano rufe da faifai a kan dakali, ba kowa a wajen. Ina kallon sa ina haɗiyar yawu wata dattijuwa Babarbariya ta leƙo, ƙamshin turaren wuta na biye da ita.

"Wushe," ta ce, sannu ke nan da yarensu. "Baƙuwa ce?"

Na ce baƙuwa ce.

"To ci. Don baƙo aka ajiye."

Burabusko ne da miyar kuɓewa, da ɗuminsa. Na share shi tas, sannan kuka ya zo. Sunanta Ya Falmata, turare take haɗawa tana sayarwa. A ɗakinta na kwana cikin kwalabe, washegari ta ja ni zuwa gidan da ke jikin nata, ta ce maƙwabciyarta tana neman mai taya ta aiki.

Maman Obinna ake ce mata. 'Yar ƙabilar Ibo ce, doguwa, kanta fari fat, tana da shagon kayan roba a kasuwar Gamboru. A Maiduguri ta yi aure, a nan ta binne mijinta, Hausarta kuwa ta fi ta wasu Hausawan. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta nuna mini ɗaki, ta nuna mini gabas, ta ce kajinta wajen Musulmi take yanka, kar in ji komai. Na ji ta kwanta mini tun a ranar. Wanda ya rasa uwa sai ya yi uwar ɗaki, ni kuwa tawa tana can nesa.

Gidan ne bai kwanta mini ba. Babban gida ne, ɗakuna a jere, duk da kwado. Masu haya ne a da, mutanensu, suka watse a shekarun da gari ya rikice. In Mama ta tafi kasuwa, ni kaɗai nake saura, ko tari na yi sai ɗakunan nan sun maido mini da shi. A bakin falo akwai silifas na namiji, sun fuskanci ciki kamar mai su ya shiga yanzu. Ranar farko da nake shara na ɗauke su na jingine. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba. Ta mayar da su yadda suke, ta ce, "Absatu, waɗannan ba a taɓa su." Haka take kiran sunana.

A kusurwar falon akwai firij, dogo, fari da ya koma ruwan ƙasa. Mu a can firigo muke cewa, kuma a gidanmu ba mu taɓa mallakar sa ba. In an kawo wuta sai ya yi wani gurnani ya girgiza, in an ɗauke ya yi ajiyar zuciya ya yi shiru. Ɗaukewar ta fi kawowar yawa.

Ranar Lahadi da Mama ta dawo daga coci ta yi wani abinci da ban taɓa gani ba, fai take ce masa. Ta koya tun tana yarinya, lokacin da ta yi aiki a gidan wasu Turawa a Jos. Kaza ce da dankali da karas cikin romo mai kauri da aka haɗa da madara, a zuba a kwano mai zurfi, a murza kwaɓin fulawa da bota a rufe samansa, a danne bakin da yatsa. Sai ta zuba yashi a babbar tukunya, ta ɗora kwanon, garwashi ƙasa garwashi sama. Da ya gasu, ƙamshinsa har gidan Ya Falmata. Ta raba shi biyu daidai, muka ci rabi. Wallahi da daɗi, har kunnena ya motsa. Ɗaya rabin ta bar shi a kwanon, ta rufe, ta kai firij.

"Wannan rabon Obinna ne," ta ce.

"Yaushe zai dawo, Mama?"

"Yana hanya."

Na ɗauka direba ne. Sai da na shiga wajen Ya Falmata ɗebo wuta ta gaya mini. Obinna ɗan Mama ne, shi kaɗai ne namiji. Shi da Modu, ɗan Ya Falmata, tare suka tashi, tare suke sayen kifi. Wata Alhamis da safe, a shekarun nan, suka fita ɗauko kaya a hanyar Baga. Ba a ga motar ba, ba a ga gawa ba, ba a ji wanda ya ce ya gan su ba. Yaran da aka haifa a shekarar yanzu suna zuwa makaranta da kansu. 'Yar Mama da ke aure a kudu ta yi roƙon duniya uwar ta koma garinsu, Mama ta ƙi, ta ce wannan ƙofar kaɗai Obinna ya sani.

Kullum Mama ta dawo kasuwa, kafin ta ajiye jaka sai ta ce, "Wani ya zo?" In ce ba kowa. Ta je ta buɗe firij, ta ɗaga murfin kwanon, ta mayar.

Alhamis da azahar ta rufe shago ta dawo. Ta fito da kwanon, ta zauna a kujerar da ba wanda yake zama, ta yi addu'arsu, ta cinye shi da sanyinsa, ko ɗumamawa babu. Ba ta ce in zo mu ci ba. Ni kuwa ban ga laifi ba, har ruwa na kawo mata. A tunanina abin da ya shiga firij ya tsira, ko wata zai yi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kafin la'asar ta fara amai. Kafin magariba ta kasa tashi daga bakin banɗaki, idanunta sun faɗa, jikinta sanyi ƙalau yana zufa. Na ruga na kira wani ma'aikacin jinya da ke da kemis a bakin layi. Ya ɗaura mata ruwa, ya zauna har ta samu barci, sannan ya ja ni tsakar gida.

"Abincin nan ne kuma, ko?"

Na ce wane abinci, ai a firij yake.

Ya yi tsaki. "Firij ba layar tsari ba ce, baiwar Allah. Sanyin ne maganin, ba akwatin ba. Abincin da ke da nama da madara, da ya huce ake rufe shi a sa, kuma ko wuta ba ta ƙyafta ba, kwana uku zuwa huɗu ne iyakarsa, sannan a ɗumama shi har tsakiya ya yi tururi. Nan kuwa wuta ta wuni ba ta zo ba, abin ya yi ɗumi, ya yi sanyi, ya sake ɗumi. Wani lokacin ko wari ba zai yi ba, amma ya gama lalacewa. Matar nan tana da ciwon suga, ga shekaru. Wannan ba shi ne na farko ba. Ina gaya miki gaskiya, akwai ranar da zan zo in tarar ba abin da zan iya."

Tsoro na ji, ba na ɓoyewa. Ina son matar, kuma na gane cewa kowace Alhamis da hannunta take ɗauko ajalinta ta ɗora a tebur.

Da ta ji sauƙi na same ta. Na ce, "Mama, mu a gida in tuwo ya kwana ɗumame muke yi, miya kuma a tafasa ta dare da safe. Ki bari in riƙa ɗora shi a wuta kullum."

"Zai bushe. Ba ya son sa a bushe."

"To ranar Alhamis a zubar, ki yi sabo."

Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai. "Yarinyar da ta riga ki ta zubar. A ranar ta bar gidan nan. Abincin ɗana ba ya shiga bola, Absatu. Da akwai wuta lafiya lau nake cin sa, ba abin da yake yi mini. Zazzaɓi ne ya kama ni, wancan mai kemis ɗin surutu ne da shi."

Na tashi na koma aikina.

Bayan nan ne firij ɗin ya fara buɗe kansa. Ranar farko ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, rana tsaka, unguwa ta yi tsit ko kukan tsuntsu babu. Sai na ji wani ɗan sauti daga falo, irin na leɓe in ya rabu da leɓe. Na leƙa. Ƙofar tana buɗewa a hankali, ba kowa a gabanta, ta tsaya daidai yadda mutum zai tsaya ya duba ciki. Na karanto duk abin da na haddace, na je na tura ta da tsintsiya. Na gaya wa kaina robar bakin ce ta saki saboda zafi, kuma har gobe haka nake cewa.

Da Mama ta dawo na gaya mata, don a kira mai gyara. Sai na ga fuskarta ta washe.

"Haka yake yi tun yana yaro," ta ce. "Ya buɗe, ya tsaya yana kallo, ya tafi ya bar mini ƙofa. Na yi faɗa har na gaji."

Daga ranar ta hana in ɗaure ƙofar, ta hana in jingina mata kujera. Na koma yin aikina a tsakar gida, bayana ba ya juya wa falo.

Dabarar da ta zo mini ita ce ƙanƙara. Akwai wani mai sayar da ita a bakin kasuwa, wanda ke da injin kansa. Na ba shi labari a taƙaice, daga ranar kullum sai ya zaɓo mini babba ya naɗe a buhu da ɓuntun shinkafa. In rungumo ta in shiga keke, rigata sharkaf, in zo in kwantar da ita kusa da kwanon. Ta ɗan taimaka makon farko da na biyu, Mama ta ci, ciwon ciki kawai ta yi. Amma bazara ta kankama. Ƙanƙarar da na sa da hantsi, kafin la'asar ta zama ruwa, ya biyo ƙasan ƙofa ya malalo tsakiyar falo a siririn layi, ya nufi wajen silifas ɗin nan. Ƙasar ce ta karkata ta can, na sani. Duk da haka ba na son kallon sa.

A kwanakin nan kewar gida ta taso mini sosai. In na kira Inna sai ta sa Nana ta gaishe ni, yarinyar ta yi shiru tana numfashi a waya, ta manta yadda ake hira da ni. Inna ta ce har yanzu in ta tuƙa tuwo hannunta yakan kwashe da nawa, sai da safe ta tuna ta ɗumama wa Nana. Na kashe wayar na shiga banɗaki na yi kukana. Na yi tunanin in tattara in koma, amma in na tafi wa zai sayo ƙanƙara?

Sai wuta ta tafi gaba ɗaya. Aka ce an kayar da turakunta a daji, ba ranar dawowa. Garin duka ya koma kan ƙanƙara, mai injin nan ma layinsa ya kai titi, ranar da na samu ƙarama ce, ranar da ban samu ba ta fi yawa. Na ce wa Mama ko wannan makon a haƙura da fai. Ta ce wannan Lahadin ce ranar haihuwarsa. Ta yi wanda ya fi na kullum girma, ta ƙara madara, kuma ba ta yanka mana ba. Dukansa ta sa a cikin akwatin nan mai ɗumi kamar ɗakin mai jego.

Talata na buɗe in duba. Wani tsami-tsami ya bugi hancina. Na ɗaga murfin, sai na ga gefen ɓawon a gutsure, ɗan guntu kamar an tsinke da yatsu biyu. Na ce ɓera ne. Amma murfin yana rufe ruf, ban ga kashin ɓera ba. Na ce to ɓawon ne ya jiƙe ya faɗa ciki. Ban tsaya nema ba, na rufe na fice gidan ko mayafi ban ɗauka daidai ba.

Na tarar da Ya Falmata tana fitowa da kwanonta rufe da faifai, za ta ɗora a dakali. Na zayyana mata komai, na ce matar nan jibi za ta kashe kanta, ni kuma in na zubar ta kore ni, ta yi wani ranar Lahadi, ba mai kula da ita.

Ta ajiye kwanon, ta gyara faifan. "Kin san na waye wannan?"

Na ce na baƙi.

"Na Modu ne. Kullum na sauke tukunya sai na zuba masa. Amma mu ba ma ajiyewa ya kwana. Rabon wanda ba ya nan, a bakin matafiyi ake sa shi da zafinsa. In yana raye, Allah ya sa wata ta ba shi a inda yake. In ba ya raye, ladan ya same shi."

Na tsaya ina kallon kwanon nan da na share ranar da na zo. Ashe abincin wanda ba a san duniyar da yake ba na ci har na lashe hannu. Ya Falmata ta lura, ta yi ɗan murmushi ta ce, "Kar ki damu, kin ci da kyau. Na ji daɗin ranar."

Da yamma na kai wa Mama wannan shawara, na lallaɓa ta da duk ladabin da Inna ta koya mini. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Kowa da yadda yake jiran nasa. In ya shigo da yunwa in ce masa na ba wani?" Ta tashi ta duba kwanon, ta ga gefen da ya gutsure, ta daɗe tana kallo. Ta mayar da murfin a hankali kamar mai rufa wa jariri zane.

Alhamis ta zo. Tun safe na kasa cin komai. Da azahar na ji ƙarar ƙofar gida, ta shigo, ta wanke hannu, ta fito da kwanon ta ɗora a tebur. Da ta buɗe, warin ya cika falon har ƙudaje suka taso daga tsakar gida. Ɓawon ya lotsa ya yi tabo-tabo, romon ya tsinke yana 'yan kumfa a gefe. Ta zauna a kujerar nan, ta rufe ido tana addu'a.

Ban shirya abin da na yi ba. Na shiga kicin na ɗauko cokali, na jawo kujera na zauna a gabanta. Da ta buɗe ido ta gan ni.

"Me kike yi a nan?"

"Yunwa nake ji, Mama."

"Akwai shinkafa a tukunya."

"Wannan nake so. Kin ce lafiyarsa lau, mai kemis ne mai surutu. To yau tare za mu ci. Kika ɗebi ɗaya, in ɗebi ɗaya."

"Tashi, Absatu."

"Ki kore ni in mun gama."

Na luma cokalin. Abin ya biyo shi yana yauƙi. Fuskar Nana ta tsaya mini a ido, amma taurin kan da ya hana ni zaman lafiya da mutane tun ina yarinya shi ya riƙe ni. Na yi bisimilla na kai baki.

Ban ga tasowarta ba. Mari ta kai wa hannuna, cokalin ya yi sama ya daki bango.

"Kin haukace? Guba ce wannan! Uwarki tana can tana jiran ki, za ki zo ki mutu mini a gida?"

Tana tsaye tana haki, hannunta a sama har yanzu.

Na ce, "Ashe kin sani, Mama."

Ta koma ta zauna kamar an zare mata laka. Ta zuba wa kwanon ido.

"Ko makaho ya sani," ta ce can. "Amma in na zubar, na ce ba zai zo ba ke nan. Ni uwarsa, da hannuna. In na ci kuwa, na ajiye masa ne a cikina. A nan na fara ajiye shi."

Kuka kawai nake yi, na ce, "To ni fa? In kin tafi ki bar ni da wa a garin nan?"

Ta dube ni, ta dubi abin da ya fallatsa a bango yana gangarowa. Sai ta miƙe ta shiga ɗakin Obinna, wanda ban taɓa ganin cikinsa ba. Ta fito da farar riga a goge, ta shimfiɗa a tebur, ta rufe kwanon, ta naɗe shi a ciki, ta ɗaure hannuwan rigar a sama.

"Ɗauko fartanya," ta ce.

A bayan gida, gindin darbejiya, ta nuna wuri. Ƙasar ta bushe kamar siminti. Na ce ta kawo in haƙa, ta ƙi. Ita ta haƙa, tsohuwa mai ciwon suga, a tsakiyar ranar nan, zufa na ɗiga daga haɓarta, tana sara tana hutawa. Ƙarar saran ce ta jawo Ya Falmata. Ta shigo ta tsaya, ta ga farin ƙunshin a ƙasa, ta ga ramin. Ta ja mayafinta ta rufe kai.

Mama ta durƙusa ta sa ƙunshin da hannu biyu, ta gyara masa kwanciya. Ta rera wata waƙa da yarensu, ƙasa-ƙasa, muryarta tana karyewa tana ɗorawa. Ta ɗebi ƙasa ta zuba. Ya Falmata ta matso ta ɗebi tata ta zuba, ni ma na zuba. Muka mayar da sauran da hannuwanmu har wurin ya yi ɗan tudu.

Da muka dawo tsakar gida Mama ta ce in shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa. Ta cire ɗankwalinta ta sake ɗaurawa, ta zauna ta miƙe ƙafafu, tafin hannunta duk ƙasa.

"Duk shekarun nan ba wanda ya yi mini gaisuwa," ta ce. "Ni na hana. Ku yi mini yanzu."

Na kasa. Ya Falmata ce ta durƙusa a gabanta, gwiwoyinta suna ƙara, ta ce, "Maman Obinna, ya haƙuri?"

Mama ta ja numfashi, ta sauke, ta sake ja.

"Da godiya," ta ce.

Sannan ta miƙa hannu ta kamo na Ya Falmata, ta riƙe shi gam.

"Ke ma, Falmata, ya haƙuri?"

Ya Falmata ta buɗe baki za ta amsa, amsar ta ƙi fitowa. Ta zame ta zauna a tabarmar kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa. Na tashi na buɗe ƙofar gida duka biyu, don maƙwabta su samu hanyar shigowa.